Dutsen Washin Baba

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin reza ta hau fuskar babana ba. Da aska yake gyara gemunsa, irin doguwar nan mai naɗewa cikin ƙotarta, kuma shi yake wasa abarsa. A lokacin muna zaune a Kakuri, a wani gidan haya mai ɗakuna takwas da famfo ɗaya a tsakar gida. Duk Asabar ɗin da ba shi da aikin safe a masaƙa, da hantsi zai fito da ɗan benci ya ajiye a gindin gwaibar da ke kusa da famfon, ya ɗebo ruwa a kwanon sha, sannan ya koma ɗaki ya sauko da wani akwatin katako daga saman kabad. A cikinsa dutsen yake, naɗe da guntun yadi.

Tsawon dutsen bai wuce hannun babban mutum ba, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu. Launinsa tsakanin ruwan ƙasa da ruwan ƙwai. An kafa shi a kan katako, an shafe gefunansa da wani baƙin fenti mai ƙyalli, fuskarsa kuwa sumul kamar cikin faranti. A wani lungu na fuskar, inda aska ba ta cika kaiwa ba, akwai ragowar rubutu da tawada, wasu zane-zane da babu mai iya karantawa a gidan. Tare da shi akwai ɗan ƙaramin dutse fari kamar alli, girman akwatin ashana. Mama takan ce uwa da ɗa ne, kamar dutsen niƙan da ta baro a ƙauye.

Baba ya baro ƙauyenmu na kudancin Kaduna yana saurayi. Da ya samu aiki a masaƙa sai aka sa shi a sashen da ke kula da manyan wuƙaƙen inji, waɗanda suke share ɓurɓushin zare daga fuskar yadi. Shugaban sashen wani injiniya ne ɗan Japan, gajere, mara yawan magana. Turancinsa kaɗan ne, na Baba ma a lokacin haka yake, don haka da hannu da ido suka fi yin zance. Baba ya sha ba mu labarin yadda mutumin ya lura da ƙurajen da reza take fito masa da su a wuya. Washegari lokacin hutun rana ya ja shi bayan wurin aiki inda famfo yake, ya fito da aska da duwatsun nan biyu daga jaka, ya wasa ta a gabansa, ya aske masa rabin fuska, sannan ya miƙa masa ita ya ƙarasa sauran. Ya yi watanni yana koya masa. Da wa'adinsa ya cika zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa askar da duwatsun duka. Ba su ƙara jin labarin juna ba. Kalma ɗaya Baba ya riƙe daga bakinsa, sunan ƙaramin dutsen, wai nagura.

Ina tuna zamansa a kan bencin, singileti a jikinsa, tawul a kafaɗa. Zai yayyafa ruwa a babban dutsen, ya riƙa goga ƙaramin a kansa yana zagayawa har ruwan ya yi kauri ya zama fari-fari. Shi ne yake kira kunun dutse. Sannan ya kwantar da aska a ciki ya riƙa kai ta yana dawo da ita, a hankali, ba ya ko kallon gefe. A wannan lokacin ba a aikensa, ba a tambayarsa kuɗin cefane, ko rediyo ma ragewa ake yi.

Ta dalilin dutsen nan ya haɗu da babban amininsa. Matar wani maƙwabcinmu direba ta haihu, ranar suna aka kira wanzami ya yi wa jariri aski. Ranar ta faɗo Asabar. Da wanzamin ya gama aikinsa ya rataya zabira zai fita, sai ya hangi Baba a gindin gwaiba. Ya yi sallama ya tsaya yana kallo, ya daɗe a tsaye, daga baya ya tsuguna. Dogon mutum ne siriri, mai ɗan gemu a haɓa, daga Unguwar Sanusi. Ya nemi izini ya gwada ɗaya daga cikin askakensa. Baba, wanda ko Mama ba ya bari ta share ƙurar akwatin, ya matsa masa a benci ya nuna masa yadda ake tayar da kunun. Da suka gama wanzamin ya ɗora askar a damtsensa ya ja sau ɗaya, gashi ya zube. Ya duba askar, ya duba dutsen, ya ce shi gadon wanzanci ya yi tun daga kakanni, amma bai taɓa riƙe kaifi irin wannan ba.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Malam muke kiransa, Baba yana ce masa Wanzam, shi kuma yana ce wa Baba Mai Dutse. Asabar ɗaya zai tsallake, ta biyun sai mu ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida, ya ƙetaro gadar kogin Kaduna tun daga unguwarsu. Zai baje askakensa a kan tsumma, su zauna suna wasawa ɗaya bayan ɗaya suna hirar masaƙa da ta damina da ta 'ya'ya. In sun gama ya yi wa Baba askin kai, ya gyara masa ƙeya, wurin da hannunsa ba ya kaiwa. Mama tana da tabarma ɗaya sabuwa da ba ta bari mu taka, ita take shimfiɗa masa in azahar ta yi. Tana dama masa kunun gyaɗa, shi kuma yana zuwa mana da ƙuli-ƙuli daga wurin matarsa. Duk Kirsimeti shi yake yanka mana akuya, don maƙwabtanmu Musulmi su ci naman da za a kai musu.

A irin wannan Kirsimetin na yi ɓarnar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Ina da shekara goma sha tara, na dawo hutu daga kwalejin horon malamai, ina jin kaina mai ilimi. Baba ya tafi coci da safe. Mama ta ce in wasa babbar wuƙa kafin Malam ya iso, tana nufin a bakin sumintin famfo kamar yadda muka saba. Ni kuwa na ce a raina ga dutsen da ya fi kowanne a saman kabad. Na sauko da shi, na zuba ruwa, na dafe wuƙar da hannu biyu na riƙa gurzawa da ƙarfi. Wuƙar ba ta yi wani kaifin kirki ba, amma tsininta ya yi wa dutsen wani dogon tsagi daga tsakiya har baki, kusurwa ɗaya kuma ta ɓalle. Na goge shi na naɗe na mayar, ina fatan ba za a lura ba.

Da rana bayan an yi yanka, Malam ya ce tunda ya zo bari ya ɗan taɓa askarsa. Baba ya warware yadin a gaban kowa. Bai yi faɗa ba, bai ma tambayi wanda ya yi ba, domin fuskata ta riga ta faɗa. Ya shafa tsagin da ɗan yatsa, ya mayar da yadin ya rufe, ya shiga ɗaki. Ranar bai ci naman Kirsimeti ba. Na gwammace a ce ya dake ni.

Malam ne ya bi shi ɗaki ya rarrashe shi, ya ce dutse ba ya mutuwa don tsagi ɗaya, akwai sauran jiki a ƙasa. Asabar mai zuwa ya zo da guntun gilashin taga mai kauri da takardun goge katako masu laushi. Suka jiƙa takardar suka shimfiɗa a kan gilashin, suka kife dutsen a kai suna gogawa, wannan ya gaji ya ba wancan. Asabar uku suka yi kafin fuskar ta koma daidai. Tsagin ya tafi, amma ragowar rubutun nan na lungu ya bi shi. Na ji Baba yana gaya wa Mama a hankali cewa rubutun ogansa ɗan Japan ya goge. Bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai ya sa wa akwatin ɗan kwaɗo, kuma na yi shekara fiye da ashirin hannuna bai taɓa dutsen ba.

Daga baya abubuwa suka canza. Masaƙa ta fara rage ma'aikata, har aka wayi gari an kulle ƙofarta. Unguwar ta yi shiru, ba jiniyar canjin aiki, ba tururuwar masu kekuna da yamma. Baba yana da ɗan fili a Romi da ya fara ginawa tun yana aiki, ya rufa ɗaki uku muka koma. A tsakanin nan garin ya rikice, ba sau ɗaya ba, mutane suka riƙa kwashe kaya kowa yana komawa inda nasa suka fi yawa. Gadar da Malam yake ƙetarewa yana fito a kan keke ta zama wurin da ake tunani kafin a hau. Ya zo Romi 'yan lokuta, a mota, sai ya canza bas biyu. Ya ce 'ya'yansa ba sa son yana nisa. Baba ma ya je masa barka da salla sau ɗaya ko biyu, daga nan ciwon gwiwa ya hana shi. Ba su yi faɗa ba, ba wanda ya ce wa wani komai. Zuwan ne ya yi ta raguwa har ya yanke. Baba ya ci gaba da washinsa ranar Asabar shi kaɗai a baranda, askin kai kuma ya koma shagon masu inji.

Ni kuma na yi aure, muka zauna a Gonin Gora, ina koyarwa a firamare. Ina cikin aji wata Talata aka kira ni a waya cewa Baba ya faɗi a bayan gida. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Bayan mako uku a asibiti aka sallamo shi, hannun dama a sake, baki ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar, sai wanda ya saba yake ganewa. Gemu kuwa ya fito masa fari fat, ya cika fuska, abin da ni da Mama ba mu taɓa gani ba.

Mijina ya kawo mai aski da inji har gida. Mutumin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma da ya tafi Baba ya shafa haɓarsa da hannun hagu, ya ji ƙaiƙayin guntun gashi, sai ya juya fuska bango. Na sayo reza mai ƙota, yana ganinta ya girgiza kai. Dattawan coci suka aiko za su zo su yi masa addu'a su ba shi jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a coci, ya ce a hana su. Shekara da shekaru shi ne mai tsayawa a ƙofar coci yana tarbar mutane, fuska tas, riga a goge. Mama ta gane kafin ni: ba ya son a gan shi a haka.

Wata Asabar na nemi mabuɗin kwaɗon, Mama ta ciro shi daga cikin Littafi Mai Tsarki na Baba. Na kawo akwatin gaban gadonsa na buɗe, ina satar kallonsa. Bai hana ni ba. Ƙaramin dutsen ya cinye ya koma kamar rabin goro. Na yi duk abin da nake tunawa: na zuba ruwa, na goga, kunu ya taso. Amma da na ɗora askar sai na ɗaga bayanta sama kamar yadda ake wa wuƙar girki. Baba ya fara wani gurnani yana dukan katifa da hannun hagu. Na ɗauka yana cewa in ƙara ƙarfi ne, na ƙara. Da na gwada a hannuna ko gashi ɗaya ba ta ɗauka ba, ta fi yadda na same ta dakushewa. Na zauna a ƙasa ina kallon askar, hawaye suna zubo mini, mace mai 'ya'ya uku. Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce in daina wahalar da kaina da shi, in je in nemo Malam in yana raye.

Ranar Litinin na ɗauki izini a makaranta, na yafa babban gyale, na hau bas na ƙetare gada. Na manta rabon da in shiga Unguwar Sanusi. Gidaje sun ƙaru, lunguna sun matse, ban gane komai ba. Na tambayi mai shayi, ya tura ni wurin wani tela, telan ya ce in tsohon wanzami nake nema, in bi bayan masallaci, gida na uku mai zaure. A zauren na same shi zaune a kan buzu, ya rame, gemun ya yi fari, idanunsa duka biyu sun yi yana. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ladabi amma bai gane ni ba.

"Malam, ni ce 'yar Mai Dutse," na ce. "Wadda ta tsaga dutsen ranar Kirsimeti."

Ya fara dariya a hankali har tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya tambaye ni, muryarsa ƙasa-ƙasa: "Yana nan?"

Na ce yana nan, na ba shi labari duka, har da yadda na ɓata askar. Ya ce shi ma ya daina aski shekaru da dama, ido ya ƙi, 'ya'yansa kuma babu wanda ya ɗauki sana'ar. Bai jira na roƙe shi ba. Ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo masa hula da zabira. Babban ɗansa ya fito yana cewa a bari sai wani lokaci, Malam ya ce masa wani lokacin ne ya kai su inda suke yau. Na yi alkawarin zan dawo da shi da kaina kafin la'asar. Matarsa ta ƙulla mini daddawa a leda in kai wa Mama, tana ta tambayar ko gwaibar nan ta Kakuri tana nan.

Da muka isa Romi na riƙe hannunsa har bakin gadon Baba. Baba ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Ya buɗe baki, da ƙyar ya ce, "Wanzam." Malam ya lalubo hannunsa na hagu ya riƙe da hannu biyu, suka daɗe a haka. Mama ta fita waje. Can sai Malam ya kai hannu ya shafa fuskar Baba daga kunne zuwa haɓa, ya ce, "Mai Dutse, ka bar gona ta yi ciyawa." Wannan ne karo na farko da na ga Baba ya yi murmushi tun da ya kwanta, da rabin baki.

Muka fito da shi baranda a kujera, muka tokare shi da matasai. Malam ya karɓi askar ya ɗora babban yatsansa a bakinta a hankali, ya ce na dunƙule mata baki, sai an fara daga tushe. Ya ciro wani baƙin dutse mai kaushi daga zabira, nasa na gado, ya ce da shi za a fara. Ya sa na zauna kusa da shi a tabarma, ya ɗora hannunsa a kan wuyan hannuna. Ya ce aska ba wuƙa ba ce, kwantar da ita ake yi gaba ɗaya, bakinta da bayanta duka suna taɓa dutse, kuma in za a juya ta a kan bayanta ake juyawa. Mun daɗe a kan baƙin dutsen kafin ya ce bakin ya haɗu.

Sannan muka koma na Baba. Na yayyafa ruwa na goga ɗan ƙaramin, Malam ya taɓa kunun da yatsa ya murza, ya ce ya yi tsinki, in ƙara gogawa. Da ya yi kauri kamar madara ya ce in fara. In na danna sai ya ɗan matse mini wuyan hannu.

"'Yata, ba ƙarfinki ake so ba," ya ce. "Nauyin askar ya isa. Ke dai ki raka ta."

Ya karkatar da kai yana sauraro. Da farko ƙarar tana da ɗan kaushi, kamar ana jan takalmi a yashi. Kunun ya fara canza launi daga fari zuwa toka-toka saboda ƙarfen da yake ci. Malam ba ya ganin wannan, amma Baba yana gani daga kujerarsa. Duk sanda kunun ya yi duhu ya fara bushewa sai ya ɗaga yatsan hagu, ni kuma in ɗiga ruwa kaɗan. A haka kunun ya yi ta tsinkewa, ƙarar tana laushi, har ta kai in ba ka kasa kunne ba ba za ka ji ba. Askar ta fara manne wa dutsen kamar ba ta son tashi. Malam ya ce in wanke dutsen in ƙarasa da ruwa zalla, ja goma, kamar ina tsoron kada in tashi jariri. Ya sa aka ɗaure tsohon bel ɗin Baba a ƙarfen taga, ya goga ta a kai da kansa, wannan kam hannunsa ya san hanya ba sai da ido ba. Ya tsinko gashi ɗaya daga gemunsa ya ba ni in riƙe a tsaye in kawo bakin askar. Tana taɓa shi ya rabu biyu.

Na ɗauka shi zai yi askin. Ya ce ina, wanda ba ya gani ba ya ɗora ƙarfe a wuyan mutum, ni zan yi. Mama ta kawo ruwan zafi da tawul, muka gasa fuskar, na murza sabulu ya yi kumfa na shafa. Malam ya tsaya a bayan kujerar ya riƙe kan Baba, yana ja mini fatar da yatsunsa, musamman ɓangaren dama da ya sake. Yana gaya mini in bi inda gashi ya kwanta, in yi gajerun ja, in goge kumfa a tsumma bayan kowanne. Kumatun hagu ya tafi lafiya, na dama ma haka. A ƙarƙashin haɓa na yanke shi, jini ya fito ja a cikin farin kumfa. Na janye hannu na ce ba zan iya ba. Baba ya kamo gefen zanena da hannun hagu, ya ce, a fili yadda kowa ya ji, "Ci gaba." Malam ya lalubo alif, farin dutsen nan mai tsayar da jini, a zabira ya danna a wurin, na ƙarasa.

Mama ta kawo madubi. Baba ya daɗe yana kallon kansa, yana shafa kumatu da bayan hannu. Sannan ya yi wa Mama alama ta matso, ya ce a gaya wa dattawa su zo ranar Laraba. Malam ya yi sallar azahar a ɗakin baƙi, ya ci tuwon masara da miyar karkashi, na mayar da shi gida ana kiran la'asar.

Bayan haka duk ƙarshen wata nakan je in ɗauko shi, daga baya ma ɗan nasa da ya so hana shi ne yake kawo shi a mota, ya zauna a baranda suna hirar ƙwallo da mijina. Tsofaffin biyu ba sa wata doguwar magana, ɗaya baki ya yi nauyi, ɗaya kunne ya fara ja baya. Zama kawai suke yi kusa da juna ina washi a gabansu, Malam yana gyara mini kuskure. Askin Baba kuma ya zama aikina, Laraba in na tashi daga makaranta, Asabar kuma da hantsi, in hau bas zuwa Romi. Damina biyu ya ƙara yi kafin ya rasu. Na yi masa askin ƙarshe da safen ranar da za a tafi da shi ƙauye, kafin a sa masa farar rigarsa ta coci. Malam ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙarƙashin rumfa a tsakiyar dattawan coci har yamma.

Da aka yi rabon kayan Baba, Mama ta ce akwatin nawa ne. Na ɗauke shi na kai wa Malam, na ce shi ya fi cancanta. Ya ƙi karɓa. Ya ce me makaho zai yi da shi, a ajiye a ƙarƙashin gado jikoki su fasa gyaɗa a kai? Maimakon haka ya zazzage zabirarsa ya ware askake biyu, waɗanda ya ce sun fi jin dutsen, ya ba ni. Shekara ɗaya bayan nan ɗansa ya kira ni ya ce Malam ya rasu bayan sallar asuba, Allah ya ji ƙansa.

Sai na zama malamar firamare mai askake uku, babu gemun da zan aske. 'Ya'yana maza suna ganin na warware yadin suke tuna suna da wurin zuwa. Mijina ya yi wata shida yana cewa shi wuyansa ɗaya ne. Wata Asabar ina washi a tsakar gida, ba don komai ba sai don kada hannu ya manta, ya fito ya tsaya yana kallo, sannan ya jawo kujera ya zauna ya ɗaga haɓa, ya rufe ido kamar wanda za a yi wa allura. Tun daga nan sau ɗaya a mako nake yi masa. Har yanzu yana ƙanƙame hannun kujera in na zo maƙogwaro. Makon jiya na ɗan yanke shi a gefen kunne, ya tafi coci da ɗan auduga manne a wurin, abokansa suna tsokanarsa. Da ya dawo na ce ko ya koma wurin masu inji. Ya ce a'a, sai dai in daina yi masa hirar makaranta ina riƙe da aska.